Kwalba Biyu a Gida Ɗaya

Zazzaɓi ya kama Nada a lokacin da uwarta Awadiyya ba ta da halin zama a gida. Shayi take sayarwa a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartum, kuma a shekarun nan na mulkin soja, mai shayin da ta yi fashi sai ta tarar wata ta gaje mata inuwa. Don haka kullum da safe sai ta ɗura wa 'yar tata mai shekara huɗu ruwan farasitamol, ta bar ta wurin kakarta Hajo a unguwar Dar Salam, ta bi mota zuwa Khartum.

Hajo kuwa irin tsofaffin nan ce da ba su yarda an yi jinya ba sai da hannunsu. Tana da tata kwalbar farasitamol a ƙarƙashin gado. Da ta taɓa goshin jikarta ta ji zafi, sai ta cika cokali, ba na shayi ba, na miya. In zafin ya yi gardama, ta jiƙa ƙwayar manya ta ƙara mata. Da yamma uwa ta dawo ta sake ba da nata. Babu wadda ta tambayi wata.

Bayan kwanaki zazzaɓi ya sauka, aka yi hamdala. Sai ga amai, sai idon Nada ya koma ruwan ɗorawa.

"Shawara ce, ya binti," in ji Hajo ga 'yarta Awadiyya. "Ke ma kin yi ta, jiƙo ya warkar da ke."

Aka shiga jiƙo. Sai da yarinya ta daina gane uwarta sannan aka kwashe ta zuwa wani asibiti a Omdurman.

"Wa ke ba ta magani?" likita ya tambaya.

"Ni ce," suka amsa tare.

Suka juya suka dubi juna.

"Inna, ke ma kina ba ta?" in ji Awadiyya.

Hajo ta gyaɗa kai.

Likita ya ce maganin ya taru ya kashe hantar yarinyar. Da an kawo ta da wuri, akwai makarinsa. Yanzu saura dashe: a yanki wani ɓangare na hantar uwa a sa wa 'ya.

"Khalas, shi ke nan, yanka ni yanzu, ya diktor!" in ji Awadiyya. "Ka ɗauke ta duka ma."

"Da a hannuna yake, wallahi da na yi. Ba a yin aikin nan a ƙasarmu, sai waje. Ku nemi fasfo da izinin fita, ku yi sauri."

Awadiyya ta bi ofisoshi har takalminta ya tsinke, ga hanta lafiyayya a cikinta, ga mai buƙatarta kwance. Abin ya ba ni tausayi, don ƙauna ce ta cika cokulan nan biyu, ba mugunta ba. Fasfon ya fito bayan an yi sadakar bakwai ɗin Nada.

Tun daga ranar Hajo ba ta ƙara taɓa goshin wani yaro ba.

Jama'a, maganin zazzaɓi in ya wuce kima guba ne ga hantar yaro. Mutum ɗaya ya riƙa bayarwa, bisa awon likita, kuma in idon yaro ya sauya launi, a kai shi asibiti a ranar.