Abin da Ƙyallen Ya Rufe

Damina ta kankama, daji ya yi kore shar, amma manyan bishiyoyin nan masu tsadar katako da ake kira tik, waɗanda mahaifin Buakaew ya bari, ko ganye ɗaya babu.

"Yaya, kin cika garaje," in ji ƙanenta Inta yana dariya. "Tsofaffi ne irinki, ba sa tashi da wuri."

Shi ne bara ya kawo shawarar a ɗaura musu ƙyallen limaman addinin Buda, tunda babu ɓarawon katakon da zai ɗaga gatari kan bishiyar da ke sanye da shi. Da hannunsa ya ɗaura, ya ce taɓawa zunubi ne. Har hawayen godiya ta yi.

Yau dai ta kasa haƙuri. Ta durƙusa, ta nemi gafarar bishiyar, ta ɗaga ƙyallen.

Tsohon sara ne mai zurfi ya zagaye gindin, irin wanda 'yan katako ke yi don tik ya bushe a tsaye.

Ta waiwayo. Ko gezau Inta bai yi ba.

"Tunda sun mutu, Yaya, sare su ba zunubi ba ne. Mai saye ma ya gaji da jira."