Sunan Ɗan Fari

Tun da aka fara adana muryoyin mamata cikin ƙwarya mai magana, kowane gida da tasa. Ranar arba'in ɗin Inna, Ladidi ta ajiye tasu gaban yayanta Hambali.

"Yaya, gaishe ta. Na sa an gyara ta, an cire faɗan da tsakin."

Ya durƙusa. "Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, Hambali, ɗana na kaina," in ji ƙwaryar, da muryar Inna sak.

Shi ne ɗan fari, kuma har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "kai wannan".

Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa.

"Ladidi, fitar da baƙuwar nan. Uwata tana da kunya."