Mutumin da Ya Cike Kududdufi

Wannan abu da idona na gan shi, a ɗaya daga cikin biranen da na zauna. Sunan unguwar ya kuɓuce mini. Ina jin kusa take da wata tsohuwar ƙofar gari, akwai kuma wani rimi babba a bakin hanya, ko da yake ta yiwu rimin a wani garin na san shi. Ba komai, ba a kan rimin maganar take ba.

A unguwar akwai kududdufi, irin ramin nan da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidajensu, suka bar shi yana tara ruwan sama. Duk lungunan unguwar can suke gangarar da ruwansu. Cikin masu zama a bakinsa akwai wasu mutum biyu. Ɗaya tsoho ne mai lambu, yana shuka alayyafo da latas da yakuwa a gefen ruwan. Kullum da safe sai ya ɗauki manjagara ya janyo ledojin da iska ta kwaso, ya tara su gefe guda, ɓawon rake da ruɓaɓɓen ganye da tokar murhu kuwa ya binne su su zama taki. Ɗayan mai sayar da tabarmi ne. Gidansa na gado ne, ginin ƙasa, da soro mai rufin azara. A ciki aka haife shi, a ciki kuma mahaifiyarsa take, tsohuwa wadda ƙafa ta ƙi. Ɓangaren kududdufin da ke bayan gidan yana cikin gadonsa. Da ya ga gari ya cika, ko taku ɗaya na fili ya zama abin nema, sai ya ƙudurta zai cike wurin ya fitar da shaguna uku. Cikewa da jar ƙasa ta fi ƙarfinsa, sai ya yi yadda ake yi: ya sanar cewa duk mai shara ya kawo ya zuba. Jama'a suka yi ta sa masa albarka, domin bola tana da nisa. Masu baro suka mai da wurin hanya.

Wata safiya tsohon ya tsaya da manjagararsa ya ce masa, “Maƙwabci, ruwan da ke sauka nan kowace damina, ina ka tanadar masa?”

Mai tabarmi ya yi dariya ya ce, “Haba Baba, ruwa ai ba ya rasa hanya. Kai dai ka fito fili ka ce alayyafonka kake ji.”

Tsohon ya ce, “Alayyafon ma ina jin sa. Amma ka auna ka gani, tsakanin tsakar gidanka da titi wanne ya fi gangare.”

Bai auna ba. Ruwan da ya rage ya yi baƙi, ya fara wari, shukar tsohon ta ƙone. Ledar ta fi ƙarfin manjagara ɗaya. Tsohon ya kwashe iri da kayan aikinsa ya koma bayan gari, inda wani ya ba shi aron fadama. Da sauran masu gado a bakin ramin suka ga mai lambu ya tashi, su ma suka buɗe nasu ɓangaren ga masu shara. Shekara uku, ko huɗu ne, ramin ya shafe. Mai tabarmi ya shimfiɗa jar ƙasa a sama, ya ɗora bulo, ya ɗaga daɓen shagunan sosai, ya sa ƙofofin ƙarfe masu shuɗin fenti. Daminar farko ruwa bai yi yawa ba, mutane suka ce ashe tsoho tsoro ne kawai ya ji.

Damina ta biyu, a tsakiyar watan Agusta, aka tsuge da ruwa tun hantsi har la'asar. Ruwan ya biyo lungunan da ya saba bi, ya iso inda ya saba tsayawa, ya tarar da gini. Gidaje da dama sun sha, amma wurin da ya fi ko'ina gangare shi ne tsakar gidan mai tabarmi, wanda shagunansa suka tare masa baya. Ruwa ya kai gwiwa. Ya goyi mahaifiyarsa ya kai ta gidan dangi, ya dawo da bokiti yana kwarfa, amma duk inda ya watsa sai ya dawo, domin ba wurin zuwa. Kwana biyu ruwan yana kwance. Ginin ƙasa kuwa daga gindi yake shan ruwa, ba ya nunawa. Rana ta uku, gari ya washe, rana ta fito, mutane na shanya tabarmi da katifu, sai soron ya rushe, ɗakunan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Shagunan ma ba su daɗe ba. Leda ba ta ruɓewa, ba ta kuma riƙe ƙasa. Gindin ginin ya lotsa, bango ya tsage, ƙofofin suka daina rufuwa, 'yan haya suka kwashe kayansu. Lokacin da na bar garin, mutumin yana zaune a ɗakin haya guda, shi da iyalinsa da tsohuwar, ita kuma kullum tana tambayar yaushe za a mai da ita ɗakinta.

Irin wannan ne Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman gira an rasa ido.