Mai Gyara wa Nizar Labari

Nizar ya saba da zagi. Duk Alhamis, da zarar ya saki sabon babi na labarin Ramzi da Anis, maza biyu masu son juna a Tunis, sai tsinuwa ta cika shafinsa na intanet. Wasu kuma su yi ta roƙo, "Don Allah kar ka raba su!"

Akwai wani marar suna da ba ya zagi, gyara yake yi.

"Anis ba ya sa sukari a kofi."

Mako ya zagayo: "Tabon a hannun hagu yake."

Anis ba ƙirƙira ba ne, suna kawai Nizar ya canja masa. Shekara shida suna tare a ɓoye, bara teku ta cinye shi. Yanzu in yana rubutu, sai ya ji kamar ana tsaye a bayansa.

Rannan ya kasa daurewa, ya rubuta wa mai gyaran: "Wane ne kai?"

Kafin la'asar amsa ta iso.

"Ni na haife shi, ɗana. Kwana uku ina duban ƙofa lokacin ta'aziyya, ba ka zo ba. Kar ka daina rubutun. A wurinka kaɗai nake jin muryarsa."