Mai Gaida Zogale

An yi wani dattijo da matarsa, suna da zogale a bayan ɗaki, ita ta dasa shi tun tana amarya. Kullum da sassafe sai ta bi bishiyoyin tana ɗaga ganye tana leƙa ƙarƙashinsa, tana girgiza rassa, kajinta na biye da ita. Wani bi ta jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya su kwana, ta tace, ta yayyafa ruwan da tsintsiya. Shi kuwa yana kan tabarma yana tsokanarta: "Kin gaida zogalenki kafin ki gaida mijinki. Me kike nema a jikin icen da lafiyarsa ƙalau?" Sai ta ce, "Malam, sha kununka kada ya huce."

Da rani Allah ya yi mata rasuwa. Ruwan farko na sauka, tsutsa ta faɗa wa zogalen. Kafin dattijo ya ankara ganye ya koma kamar rariya, bishiya biyu sun tsaya tsirara. Maƙwabci ya kawo masa maganin feshi, ya riƙe kwalbar ya kasa fesawa, domin ganyen nan shi jikokinsa ke ci a kwaɗo. Ya zauna yana kallon abin da hannunta ya dasa yana ƙarewa.

Sai ya lura da kajin. Kowace safiya suna taruwa a gindin zogalen, su ɗaga kai, su yi ta jira. Ya tashi ya girgiza reshe yadda ya saba ganin tana yi. Tsutsotsi suka zubo, kaji suka yi musu caa. Ya juya ganye ɗaya, ga ƙwai jere a ƙarƙashi, ya murje su da yatsa. A ƙuryar ɗakinta ya tarar da ƙwaryar 'ya'yan darbejiya, saura rabi. Ya ɗauko turmi, bai iya daka ba, amma ya daka.

Bishiyoyi biyun nan da suka tsaya tsirara ba su tashi ba. Sauran suka yi toho. Yanzu shi ne ke zagayen safe, kununsa na hucewa a kan tabarma, in jikoki suka tambaye shi sai ya ce gaisuwar kakarsu yake kaiwa.

To ka ji, ɗan'uwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce rigakafi ya fi magani.