Bishiya a Kasko

Kaskon bai fi farantin cin abinci ba, amma bishiyar da ke cikinsa ta girmi Baba. Haka ɗansa Auta ya fassara masa, don tun da tsohon ya sauka ƙasar nan ko gaisuwarsu bai kama ba.

Baba ya duƙa yana ƙare mata kallo. Shi da ya ƙarar da ƙarfinsa a lambu, yana dashe yana ban ruwa, bai taɓa ganin mugunta mai kyau irin wannan ba. An naɗe rassanta da waya, an datse mata saiwa, an hana ta girma, ga ta kuma koriya shar. Bonsai suke ce mata. Shi dai wada yake kiranta.

Amma ba bishiyar ce ta fi faranta masa rai ba, Auta ne. Tun da matar Baba ta rasu yaron ya ɗauko shi, zama ya fara da daɗi, sannan ya yi tsami. Tsohon ya manta tukunya a wuta har hayaƙi ya tara maƙwabta. Ya fita shan iska ya kasa gane ƙofar gida. Surukarsa, matar Auta, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, kuma shirun nan nata ya fi zagi ciwo. Tsoronsa ɗaya ne a duniya, kada ɗansa ya gaji da shi.

Sai ga shi Auta ya ɗauki hutu musamman, yana zagawa da shi wuraren da ake renon wadannin bishiyoyi. Ko'ina tsaf tsaf, tsakar gida mai rufin gilashi, ma'aikata cikin kaya iri ɗaya, tsofaffi zaune a tsakanin kasake da bargo a gwiwa. Baba bai yi mamaki ba. Aikin haƙuri ai sai tsoho.

Duk inda suka je, Auta kan shige ofis ya jima. Baba ya gano shi sarai: bishiya zai saya masa a ɓoye. Sai ya yi kamar bai sani ba, yana murmushi shi kaɗai.

Wuri na ƙarshe ya fi sauran ƙanƙanta. Wani tsoho yana fama da almakashi. Baba ya kasa daurewa, ya karɓa, ya cire busasshen reshe a yanka ɗaya. Wata ma'aikaciya ta tafa masa. Rabon da ya ji yana da amfani har ya manta.

Auta ya fito daga ofis idonsa jawur.

"Baba, duk cikin waɗanda muka gani, wanne ya fi kwanta maka a rai?"

Baba ya yi dariya har da tari. "Wanne? Kai Auta, zaman ƙasar nan ya cinye maka Hausa. Bishiya ai mace ce, wacce ake cewa. Ta nan mana, sai ka tambaya?"

Auta bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya riƙe hannun mahaifinsa ya daɗe, sannan ya ce zai ɗauko wani abu a mota.

Kwali ne na sa bishiyar, Baba ya ce a ransa. Har ya zaɓa mata wuri a tagar falo, inda rana ke faɗowa da safe.

Jira ya yi tsawo. Ma'aikaciyar ta dafa kafaɗarsa a hankali, ta ja shi ta wani dogon lungu, ta buɗe wata ƙofa. Gado ɗaya, kujera ɗaya. A kan gadon ga akwatinsa, ga dardumarsa a ninke, ga magungunansa a jere.

Hausar Auta ba ta lalace ba. Ba bishiya ya ce Baba ya zaɓa ba, gidan tsofaffi ne.