Hannun da Gazali Bai Karɓa Ba

Malam Illo ya dawo daga ɗaurin aure, ko hula bai cire ba ya hau faɗa. Matarsa Uwani tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗauka da masu keke Napep yake kamar kullum. Sai da ta ji sunan Gazali sannan ta ajiye rariya.

Gazali amininsa ne tun suna samari. Tare suka zama malaman gona, tare suka sha ranar fadamun Dundaye a kan babur ɗaya suna bin manoman shinkafa, tare kuma suka yi ritaya. Sauran abokan aiki duk sun watse. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun koma garuruwansu, wasu kuwa dama da kujera suke abota, da ta tafi suka bi ta. Gazali kaɗai ne bai fasa zuwa gidan Illo a unguwar Gawon Nama kowace Alhamis ba, su baje tabarma a zaure, su sha fura, su yi ta gardama har la'asar.

To, wannan Gazalin ne yau ya tozarta shi a bainar jama'a. An shafa fatiha ke nan, maroƙa sun cika wuri da hayaniya, sai Illo ya hango shi tafe cikin manyan mutane, hannunsa sarƙe da na ɗansa Sa'ad, wanda bana aka ba babban muƙami. Sa'ad ya waiwaya yana gaisawa da wani. Illo ya kutsa, ya tsaya a gaban amininsa yana murmushi, ya miƙa hannu. Gazali ya dube shi tsakar ido ya wuce. Hannun nan ya tsaya a sama shi kaɗai, har wani tsohon direban ofishinsu ya kau da kai don kunya.

Uwani ta ce wataƙila hankalinsa na wani wuri, taro ya gaji haka.

"Hankalinshi na wurin masu manyan riguna," in ji Illo. "Tun da ɗa nai ya hau kujera muka zama tsumma. Ni da nig goya shi bisa babur sa'ad da ko keke bai da shi!"

Daren nan da safiyar da ta biyo, sai tsofaffin abubuwa suka riƙa dawo masa, kowanne da sabuwar fassara. Tun bara Gazali ya daina buga dara, wai wasan yara ne, alhali shi ne ke tona gurabenta da hannunsa a da. Ya jingine babur, yanzu sai dai a sauke shi a bakin ƙofa cak, kamar ƙafarsa ta fi ƙarfin ƙasar unguwar. Ya samo wata sanda mai kan azurfa yana dogarawa, sai ka ce an naɗa shi sarauta. Ran da Illo ya miƙa masa waya ya ga hoton jikarsa Wasila da kayan yaye ɗalibai, kallo ɗaya ya yi ya ce Masha Allah ya mayar, ko kamarta da kakarta Uwani bai ambata ba. Illo ya yi ta haƙuri, yana cewa tsufa ne. Ashe girman kai ne yake tsiro a hankali.

Da Gazali ya kira shi a waya, Illo ya bar ta ta yi ta kuka har ta gaji. Uwani ta tuna masa cewa zumunci ba ya son gaba, kuma mutumin da ya rage maka shi kaɗai ba a yar da shi a kan musafaha ɗaya. Ya ce ba yar da shi zai yi ba, ɗanɗana masa zai yi. Yadda aka bar shi tsaye kamar turke, haka shi ma zai bar Gazali tsaye.

Ranar Alhamis ya hana a dama fura. Ya naɗe tabarmar baƙo ya jingine, ya jawo kujera tsakiyar zaure, daidai inda hasken ƙofa ke faɗowa, ya zauna ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Bayan azahar keke ya tsaya a waje. Sandar nan mai kan azurfa ta ƙwanƙwasa dokin ƙofa, Gazali ya shigo da sallama, fuskarsa a sake kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Wannan ya ƙara tunzura Illo. Ya amsa sallamar a zuci don kada ya ɗauki alhaki, amma leɓensa bai motsa ba.

Gazali ya matso ya tsaya a gabansa, ya sake sallama. Illo ya kafe shi da harara, ko ƙiftawa ba ya yi. Ya ga murmushin yana dusashewa, ya ga yatsun suna murza kan sanda, ya ji wani sanyi a ransa. To, ka ji yadda take.

A sallama ta uku Uwani ta kasa daurewa. Ta amsa daga bayan labulen ƙofar cikin gida, ta yi masa barka da zuwa.

Gazali ya juya fuska wajen muryar da sauri. Tsakaninsa da gwiwar Illo bai kai taku ɗaya ba.

"Hajiya, ashe da mutane," ya ce. "Wai yau Illo ba shi gida na?"